Tiyatar karnuka a Birtaniya: Yadda iyalai ke fama da kuɗin da ba su shirya masa ba

A Birtaniya akwai karnuka fiye da miliyan 10 da ake ajiyewa a gidaje, kuma akasarin masu su na ɗaukarsu tamkar wani ɓangare na iyali.

Sai dai duk ranar da kare ya kamu da cutar da ke bukatar tiyata cikin gaggawa, iyalin kan tsinci kansu cikin tsaka mai wuya, domin ana iya neman su amince da biyan dubban fam cikin 'yan sa'o'i, ko kuma su rasa dabbar.

Batun ya kai ga hukumomin ƙasar sun gudanar da bincike a kan yadda asibitocin dabbobi ke tsayar da farashi.

Babu magani kyauta

Tun shekarar 1948 ne jama'ar Birtaniya ke samun magani a asibitocin gwamnati ƙarƙashin hukumar lafiya ta NHS, ba tare da sun biya a bakin ƙofa ba. Saboda haka da dama daga cikinsu ba su taɓa ganin takardar kuɗin tiyata ba.

Dabbobi ba su da irin wannan tsari. Asibitocinsu na kasuwanci ne, kuma mai dabba shi ke biyan komai, har da harajin VAT na kashi 20 cikin ɗari.

Makiyayi ko manomin da saniyarsa ta kwanta zai iya auna kuɗin magani da darajarta a kasuwa, ya ga wanda ya fi masa. Karen gida ba shi da wannan ma'auni. Abin da ake aunawa shi ne shaƙuwar iyali da shi, da wahalar da yake sha, da kuma abin da ke aljihu.

Cututtukan da ke kai wa ga tiyata

Akwai wasu matsaloli da likitocin dabbobi suka fi cin karo da su.

Na farko shi ne haɗiye abin da ba abinci ba. Karnuka, musamman ƙanana, kan haɗiye safa, ko dutse, ko totuwar masara, ko kayan wasan yara. Idan abin ya toshe hanji, sai an buɗe ciki an ciro shi, kuma idan an yi jinkiri wani sashe na hanjin kan mutu, sai an yanke shi.

Na biyu shi ne murɗewar ciki. Tumbin kare kan cika da iska sannan ya juya, ya datse hanyoyin jini. Ya fi kama manyan karnuka masu zurfin ƙirji, irin su Great Dane da German Shepherd. Alamominsa sun haɗa da kumburin ciki, da yunƙurin amai ba tare da komai ya fito ba, da dalalar da miyau, da rashin natsuwa. Yakan kashe kare cikin sa'o'i idan ba a yi masa aiki ba.

Na uku shi ne taruwar mugunya a mahaifar karyar da ba a cire wa mahaifa ba. Yawanci yakan bayyana 'yan makonni bayan lokacin barbara, kuma maganin da aka fi yi shi ne cire mahaifar cikin gaggawa.

Na huɗu shi ne tsinkewar jijiyar gwiwa. A jikin kare, jijiyar kan lalace ne sannu a hankali kafin ta tsinke, kuma sau da yawa ta ɗaya ƙafar kan biyo baya. Aikin da aka fi yi wa manyan karnuka shi ne wanda ake kira TPLO, inda ake yanka ƙashin ƙwauri a sauya masa zama, a ɗaure da ƙarfe. Wani likitan dabbobi ɗan Amurka, Barclay Slocum, shi ya ƙirƙiro shi. A Birtaniya kuɗinsa kan kama daga kimanin fam 3,000 zuwa fam 5,000 a kan ƙafa guda, wani lokacin ma fiye.

Sauran sun haɗa da karayar da ake samu a haɗarin mota, da ciwon ƙashin baya da ke addabar karnuka masu dogon jiki da gajerun ƙafafu irin su Dachshund, da kuma fiɗa domin ciro 'ya'ya. Wannan na ƙarshe ya zama ruwan dare a tsakanin karnuka masu shafaffiyar fuska irin su Bulldog, saboda girman kan 'ya'yan da kuma ƙanƙantar ƙugun uwar.

Abin da ake biya

Yankan da likita ke yi wani sashe ne kawai na kuɗin.

Kafin a shiga ɗakin tiyata akan yi gwajin jini da ɗaukar hoton ƙashi ko na ciki. Idan matsalar ta shafi ƙashin baya ko ƙwaƙwalwa, akan bukaci na'urar MRI ko CT. Da yake kare ba zai kwanta shiru don an umurce shi ba, sai an yi masa allurar barci ko da don ɗaukar hoton ne kawai, wanda hakan ƙarin kuɗi ne.

Sannan akwai ma'aikacin jinya mai lura da numfashi da bugun zuciya a lokacin aikin, da ƙarin ruwa, da magungunan rage zafi, da kwanakin da za a yi a asibiti, da zuwa ganin likita bayan sallama.

Lokacin da abin ya faru ma na da tasiri. Asibitoci da yawa sun miƙa aikin dare da na ƙarshen mako ga wasu kamfanoni na musamman, kuma kuɗin ganin likita kawai a irin wannan lokaci kan ninka na rana sau da dama.

Idan kuma aka tura kare wurin ƙwararre a babban asibiti, farashin kan ƙara hawa.

Me ya sa farashin ke tashi?

Kafin shekarar 1999, likitocin dabbobi ne kaɗai ke iya mallakar asibitin dabbobi a Birtaniya. Bayan da aka sassauta wannan ƙa'ida, manyan kamfanoni suka shiga sayen ƙananan asibitoci.

A watan Satumbar 2023 hukumar da ke sa ido kan gasa tsakanin kamfanoni, wato CMA, ta fara nazari a kan harkar, inda ta samu amsoshi kimanin 56,000 daga jama'a da ma'aikata.

A watan Maris na 2024 hukumar ta ce kusan kashi 60 cikin ɗari na asibitocin dabbobi na hannun manyan kamfanoni shida, alhali a 2013 kimanin kashi 10 cikin ɗari ne kawai. Kamfanonin su ne CVS, da IVC Evidensia, da Linnaeus, da Medivet, da Pets at Home, da VetPartners. Da yawa daga cikin asibitocin da aka saya sun ci gaba da amfani da tsohon sunansu, ta yadda mai dabba ba zai san cewa asibitoci biyu ko uku na garinsu mallakar kamfani ɗaya ba ne.

An ƙaddamar da cikakken bincike a watan Mayun 2024. A sakamakon wucin gadi da ta fitar a watan Oktobar 2025, hukumar ta ce farashi ya tashi da kashi 63 cikin ɗari tsakanin 2016 da 2023, abin da ya zarce hauhawar farashin sauran kayayyaki nesa ba kusa ba. Ta kuma ce masu zuwa asibitocin manyan kamfanoni na biyan ƙarin kimanin kashi 16.6 cikin ɗari a kan masu zuwa asibitoci masu zaman kansu.

Daga cikin matakan da ta gabatar a lokacin akwai tilasta wa asibitoci su wallafa farashinsu, su bayyana kamfanin da ya mallake su, su kuma bayar da ƙiyasi a rubuce kan duk aikin da zai kai fam 500.

Su kuwa likitocin, suna nuni ne da tsadar kayan aiki da magunguna, da kuma ƙarancin ma'aikata. Ƙungiyar likitocin dabbobi ta Birtaniya, BVA, ta ce adadin likitoci daga ƙasashen Tarayyar Turai da ke yin rajistar aiki a ƙasar ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku tsakanin 2019 da 2021, wato lokacin ficewar Birtaniya daga Tarayyar. Suna kuma cewa a yau ana yi wa dabbobi ayyukan da a da ba a iya yi, kuma irin waɗannan ayyuka na da tsada.

Inshorar dabbobi

Hanyar da aka fi bi wajen kauce wa wannan matsala ita ce inshora. A ƙasar Sweden aka fara yi wa kare inshora a 1924, sannan tsarin ya iso Birtaniya a 1947. A cewar ƙungiyar kamfanonin inshora ta Birtaniya, ABI, kuɗin da aka biya masu dabbobi ya kai fam biliyan 1.2 a shekarar 2023.

Inshorar iri huɗu ce.

Akwai wadda ke biyan kuɗin haɗari kawai, ban da rashin lafiya. Ita ce mafi araha.

Akwai mai wa'adi, wadda ke biyan kuɗin kowace cuta na tsawon watanni 12, daga nan ta daina.

Akwai mai iyakar kuɗi, wadda ke ware wani adadi ga kowace cuta, idan ya ƙare shi ke nan.

Sai kuma ta tsawon rai, wadda adadinta ke sabuntuwa duk shekara muddin ana ci gaba da biya. Ita ce mafi tsada, kuma ita ce ta fi amfani ga cutar da ke daɗewa.

Ko da wadda aka zaɓa, akwai sharuɗɗan da kan ba mutane mamaki. Yawancin kamfanoni ba sa biyan kuɗin cutar da kare ke da ita tun kafin a yi inshorar. Akwai kuma wa'adin jira, galibi kwanaki 14, wanda duk cutar da ta bayyana a cikinsa ba a biya. Wasu kamfanonin na ɗaukar gwiwoyin kare biyu a matsayin cuta ɗaya, don haka idan ta hagu ta cinye kuɗin da aka ware, babu abin da zai rage wa ta dama.

Kazalika mai kare na biyan wani kaso da kansa. Alal misali, idan kuɗin tiyata fam 4,000 ne, kuma yarjejeniyar ta ce mai kare zai biya fam 100 na farko sannan kashi 20 cikin ɗari na abin da ya rage, kamar yadda akan sharɗanta wa tsofaffin karnuka, to fam 880 ne zai fita daga aljihunsa.

Wasu asibitocin kan karɓi kuɗinsu kai tsaye daga kamfanin inshora, wasu kuma kan bukaci mai kare ya fara biya, daga bisani ya nemi a mayar masa. Masu ba da shawara kan harkar kan ce a tambayi wannan tun kafin bukata ta taso, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan babu inshora

Karnuka da yawa a ƙasar ba su da inshora. Ga masu irin waɗannan, mataki na farko shi ne su fito fili su shaida wa likita abin da za su iya biya.

Hukumar da ke kula da aikin likitocin dabbobi, RCVS, wadda aka kafa a 1844, ta ɗora wa likitoci nauyin bayyana hanyoyin magani daban-daban, da bayar da ƙiyasin kuɗi na gaskiya, da kuma samun amincewar mai dabba kafin a fara aiki. Ƙa'idojinta sun kuma hana likitan da ke bakin aiki ƙin ba da taimakon gaggawa da maganin rage zafi ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, ko da yake biyan kuɗin na wuyan mai dabbar.

Sau da yawa akwai hanya fiye da ɗaya. Ƙaramin kare mai tsinkakkiyar jijiyar gwiwa ana iya ɗaure masa gwiwar da zare na musamman, wanda ya fi yanka ƙashi araha. Ƙafar da ta ragargaje ana iya yanke ta maimakon gyara ta da ƙarafa, kuma karnuka da dama na rayuwa lafiya da ƙafa uku. Wasu gwaje-gwajen ana iya jingine su idan sakamakonsu ba zai sauya maganin da za a yi ba.

Idan aikin ba na gaggawa ba ne, mai kare na da damar jin ra'ayin wani likita, da kuma kwatanta farashi. Akwai asibitocin da ke tsayar da farashi guda a kan wasu ayyuka, har da kulawar bayan tiyata.

Ta fuskar magunguna kuwa, mai kare zai iya neman takardar magani a rubuce, ya saya a wani kantin da aka yi wa rajista, ciki har da na intanet. Akan biya kuɗin takardar, amma ga maganin da za a daɗe ana sha, ragin kan yi yawa.

Ƙungiyoyin agaji

Birtaniya na da tsofaffin ƙungiyoyin taimakon dabbobi da ke dogaro da gudummawar jama'a.

Babba daga ciki ta fuskar magani ita ce PDSA, wadda Maria Dickin ta kafa a 1917 a unguwar Whitechapel ta gabashin London, bayan da ta ga halin da dabbobin talakawan unguwar ke ciki. Tana da asibitoci kusan 50, kuma tana yin magani kyauta ko a farashi mai rahusa.

Ƙungiyar Blue Cross, wadda ta samo asali a 1897, ta buɗe asibitinta na unguwar Victoria a London a 1906. Ita ma RSPCA, da aka kafa a 1824, wasu rassanta na taimakawa da wani ɓangare na kuɗin magani.

Sai dai taimakon na da sharaɗi. Galibi sai mutum na karɓar wasu nau'o'in tallafin gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi, kuma yana zaune a yankin da asibitin ke kula da shi. Wannan ya sa waɗanda suka fi shiga matsi su ne ma'aikata masu ƙaramin albashi, waɗanda samunsu ya wuce a ba su agaji, amma bai kai su fitar da dubban fam a rana ɗaya ba.

Bashi da neman gudummawa

Wasu asibitocin na da yarjejeniya da kamfanonin bayar da rance, ta yadda za a biya kuɗin kaɗan-kaɗan cikin watanni. Wasu na zuwa ba tare da kuɗin ruwa ba na wani ɗan lokaci, amma sai an binciki tarihin biyan bashin mutum kafin a amince.

Wasu iyalan kan nemi taimakon dangi, wasu kuma kan buɗe asusun neman gudummawa a shafuka irin su GoFundMe. Matsalar wannan hanya ita ce tana cin lokaci, cuta irin murɗewar ciki kuwa ba ta jira.

Ƙungiyoyin da ke ba da shawara kyauta kan bashi, irin su StepChange da Citizens Advice, na jan hankalin jama'a game da rance mai yawan kuɗin ruwa, da kuma taɓa kuɗin haya ko na wuta domin biyan wani bashi.

Abin da doka ta ce

Barin kare cikin ciwo ba tare da yin komai ba laifi ne. Dokar kare haƙƙin dabbobi ta 2006, wadda ke aiki a Ingila da Wales, ta wajabta wa mai dabba ya kare ta daga zafi da wahala da rauni da cuta. Yankin Scotland na da tasa dokar mai kama da wannan.

A 2021 an ƙara hukunci mafi tsanani kan azabtar da dabba a Ingila da Wales daga ɗaurin watanni shida zuwa shekaru biyar. Kotu na kuma iya haramta wa mutum ajiye dabba.

Dokar ba ta tilasta wa kowa yin tiyata mafi tsada ba. Abin da ta hana shi ne a bar dabba tana wahala.

Shawara mafi wuya

Idan duk hanyoyin nan suka ci tura, abu biyu kan rage.

Na farko shi ne miƙa karen ga wata ƙungiya da za ta yi masa magani, sannan ta nema masa wani gida. Wannan na nufin iyalin sun rabu da shi ke nan, kuma ba kullum ake samun gurbi ba. Ƙungiyar Dogs Trust, wadda aka kafa a 1891, ta ce a 2022 ta samu buƙatu fiye da 50,000 daga mutanen da ke neman miƙa karnukansu, adadin da ba ta taɓa gani ba kafin lokacin. A watan Oktobar shekarar ne hauhawar farashin kayayyaki a Birtaniya ta kai kashi 11.1 cikin ɗari, kuma hakan ya biyo bayan yawan sayen 'yan kwikwiyo da aka yi lokacin kullen annobar korona.

Na biyu shi ne a yi wa karen allurar da za ta raba shi da rai ba tare da ya ji zafi ba. Ƙa'idojin aikin likitocin dabbobi sun amince da wannan a matsayin hanyar kawo ƙarshen wahala. Abubuwan da likitoci kan duba tare da iyali sun haɗa da shekarun karen, da yiwuwar nasarar aikin, da irin rayuwar da zai yi bayansa. Tiyata mai tsada ga tsohon kare mai wasu cututtukan ba lallai ta ƙara masa kwanakin jin daɗi ba.

Rage haɗarin tun da wuri

Wasu daga cikin waɗannan matsaloli ana iya kauce musu.

Cire mahaifar karya tun tana da lafiya na hana taruwar mugunya, kuma kuɗinsa bai kai na aikin gaggawa ba. Hana kare yin ƙiba na rage nauyin da ke kan gwiwoyi da ƙashin baya. Ga manyan karnuka, akan ba da shawarar a raba abincin yini gida biyu ko uku, kuma akwai aikin da ake ɗinke tumbi a jikin bangon ciki domin hana shi juyawa.

Zaɓen irin karen da za a ajiye ma na da muhimmanci, domin kamfanonin inshora kan caji kuɗi mai yawa a kan nau'o'in da aka san suna gadon cututtuka.

Wasu iyalan kan ware kuɗi duk wata a wani asusu maimakon biyan inshora. Amfanin haka shi ne kuɗin na nan idan ba a taɓa shi ba. Illarsa kuma ita ce, wanda ke ajiye fam 30 a wata sai ya shekara fiye da takwas kafin ya tara fam 3,000, alhali ɗan kwikwiyo zai iya haɗiye safa a makonsa na farko a gida.

Inda ake kai ƙorafi

Wanda kamfanin inshora ya ƙi biyansa zai fara kai ƙorafi ga kamfanin. Idan bai gamsu da amsar ba, ko kuma makonni takwas suka wuce ba a ba shi amsa ba, zai iya garzayawa ofishin sasanta rigingimun harkokin kuɗi, wato Financial Ombudsman Service, wanda ke duba ƙorafi kyauta.

Saɓani da asibiti a kan kuɗi ko ingancin aiki kuwa, akwai wani shirin sulhu na kyauta mai suna VCMS, wanda hukumar RCVS ke ɗaukar nauyinsa. Ita kanta hukumar tana sauraron ƙorafe-ƙorafen da suka shafi babban saɓa wa ƙa'idar aiki ne, amma ba ta da hurumin tsayar da farashin da asibitoci ke karɓa.